Nomau da Girgijen Bazara

A garinmu Tungar Kanya akwai wani mutum mai suna Nomau, wanda yake zaune da mahaifiyarsa Inna Tabawa da jakinsu guda. Nomau bai taɓa ƙin aiki ba, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ƙari ba ragi. Shi aka ba gadin ɗakin famfon sola, inda duk garin ke shan ruwa. Mai kula da na'urar famfon kuwa ɗan yayarsa ne, Sallau, wanda ya koyo aikin kwamfuta a birni.

Wata rana Sallau ya ce masa, "Kawu, kada ka bar kowa ya shiga ɗakin nan." Da la'asar Sallau ya dawo da kwamfutarsa, sai ya tarar da Nomau ya tokare ƙofa da sanda.

"Kawu, ni ne fa."

"Na gane ka sarai. Kowa ka ce."

Sai da aka kira Inna Tabawa. Ta zo tana dariya, ta ce, "Maigidana, yau an hana ka ɗakinka?" Ita ta sa Sallau ya sake faɗin dokar, ya ce ban da shi kansa, sannan aka buɗe.

Wata rana Sallau ya zauna yana yi wa kawunsa bayani. Ya ce a cikin na'urar akwai wani fayil mai kama da akwati, a cikinsa akwai takardar shaida da mabuɗi, an kulle shi da kalmar sirri. Da su na'urar take nuna wa kamfanin da ya kafa famfon cewa ita ce. In babu su, kamfanin zai rufe ruwa, kuma samun wasu yakan ɗauki makonni. Ya ce, "Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya san kalmar, don haka zan sauya ta. Kwaɗon da ya daɗe a sauya shi, kuma kada a ajiye makullinsa kusa." Nomau ya koma gida, ya sauya kwaɗon ɗakin hatsin Inna, ya hau jaki ya kai makullin gidan ƙanwarsa a wani gari. Ranar a gidan maƙwabta suka ci tuwo.

Wata rana, a ƙarshen damina, tsawa ta ƙona wata waya a ɗakin. Sallau ya gyara, ya ce, "Kawu, da zarar ka ga girgije a sama ka zare wayoyin nan duka, kada ka tsaya tambayar kowa." Nomau ya ce ya ji.

Wata rana kuma, a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin gari suka ƙafe, Sallau ya zo sauya kalmar. Ya rubuta ɗan shirin kwamfuta wanda zai buɗe fayil ɗin da tsohuwar kalma, ya kwaso abin da ke ciki, ya sake kulle shi da sabuwa. Shirin ya yi aiki, ya rubuta sabon fayil a kan tsohon da ke kwamfutarsa. Saura na cikin na'urar famfo. Ya jona waya zai tura, sai ga Nomau ya faɗo ɗakin yana haki, ya fizge wayoyin gaba ɗaya.

"Kawu, me na yi maka?"

"Girgije."

Sallau ya leƙa waje. Can nesa akwai wani ɗan farin girgije da bai fi faifai ba. Ya dawo ransa a ɓace. Nomau ya ce ba za a mayar da wayoyin ba sai girgijen ya wuce, don haka Sallau ya buɗe sabon fayil ɗin yana dubawa don rage jira. A nan ya ga takardar shaida tana ciki, amma shirin ya baro mabuɗin. Da ya tura, da ya shafe mai kyau ɗaya tak da ya rage a duniya.

Bayan girgijen ya wuce ya kwafo tsohon fayil daga na'urar ya adana, ya gyara shirin, ya gwada sabon ya ga takarda da mabuɗi duk suna ciki, sannan ya tura. Ruwa ya zubo.

Da labari ya bazu, mata suka yi ta aiko wa Nomau fura da nono. Ya sha, ya ce, "Allah ya saka, amma ni girgije kawai na gani."

Sallau ya so ya gyara dokar ta zama sai baƙin hadari, Inna Tabawa ta ce, "Maigidana, bar masa ita yadda take."

Har yau, in ɗan girgije ya gitta, famfonmu yakan tsaya. Mukan zauna a kan jarkokinmu mu jira ya wuce, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba.