Durƙuson da Na Yi wa Alƙali

Komai zan manta a duniya, ban da wannan Talatar. Shekarar da aka sake buɗe masallatai bayan korona ce, Asma'u 'yata tana goyon tagwaye, yaƙin Khartum bai riga ya koro mana ƙanwata ba.

A Omdurman aka haife ni, aure ya kawo ni Alƙahira, ta dalilin marigayi maigidana na sami takardun ƙasa. Na tsufa ina girki a gidajen jakadu a unguwar Zamalek, har ranar da na zame a matakala da tukunya a hannu. Tun daga nan gwiwoyina suka ƙi ni. Asma'u ta nema mini katin tallafin naƙasassu, don da shi zan sayi magani in riƙe ɗakina na haya a unguwar Darrasa. In babu shi, sai dai in tattara in koma gidan suruki, mijin Asma'u, in ci abincinsa kaina a sunkuye. Ni!

Aka hana ni. Kuma (bari in faɗa kafin wani ya faɗa) bakina ne ya ja. Likitan gwamnati ya ce, "Ya Hajja, yaya ƙafar?" Na ce alhamdulillahi, da sauƙi. To me zan ce? Mu Hausawa ko ana auna mana likkafani, da sauƙi muke cewa. Shi kuwa ya rubuta abin da ya ji.

Muka kai ƙara kotu. Lauyanmu, Ustaz Magdi, ya ja mini kunne tun a tasi: "Hajja, ki riƙe sandarki, ki zauna inda na ajiye ki. In muka faɗi yau, khalas, shi ke nan."

Na ce tamam. Amma na sha sabon lufaya, na yi turare, ina zan kai sanda? A bakin ƙofa na cusa wa Asma'u ita.

"Inna, don Allah!"

"Riƙe mini, ke. Ba doki zan hau ba."

Na cije haƙora na taka kamar amarya. Lauyan gwamnati ya bi ƙafafuna da kallo, ya yi wani murmushi. Na gan shi sarai, amma girman kai bai bar ni na juya ba.

Aka kira sunana. Na ga alƙali can sama, furfura fal. Ni kuwa tunda uwata ta haife ni ban taɓa gaida babba a tsaye ba. Kafin hankalina ya iso, jikina ya riga ya tafi: na zube, gwiwa biyu a ƙasa, ina jero gaisuwa.

Lauyan gwamnati ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ga matar da aka ce ba ta iya lanƙwasa gwiwa." Ustaz Magdi ya dafe goshi. Na hango kaina a falon suruki, ina jiran a miƙo mini kwano.

Alƙali ya ce, "Tashi, ya Hajja."

Na yunƙura. Shiru. Na dafa ƙasa na sake yunƙurawa, wani zafi ya harbe ni har kwanya. Zufa ta wanke kwallina. Lufayan ya warware, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, ga ni rarrafe kamar mai neman allura.

Alƙali ya sake cewa, "Yalla, tashi mana, ya Hajja."

"Ina zuwa," na ce. Ina zuwa ina?

'Yan sanda biyu suka ɗaga ni cak, kamar buhun albasa, ina ihu da Hausa ina kiran uwata da ta shekara arba'in a ƙasa. Suka dire ni a benci. Alƙali ya leƙo ta saman tabarau.

"Yaya ƙafar yanzu?"

Wallahi "da sauƙi" ta zo har bakin leɓena. Asma'u ta mintsine ni a cinya. Na rufe fuska da mayafi na ce, "Babu sauƙi, ranka ya daɗe. Ko kaɗan."

Ya ba da umarni likitoci su sake duba ni. Kafin azumi katin ya fito, ina nan a ɗakina.

Yanzu in aka tambaye ni jiki, sai na fara duba ko mai tambayar yana riƙe da biro. Ustaz Magdi ya rasu bara, Allah ya saka masa. Alƙalin ban san inda yake ba. Saura ni, da Asma'u, da sandar, sai tagwayen nan da aka ba labari. Duk sallah sai sun zube a gabana sun ƙi tashi, suna cewa, "Ina zuwa, Kaka."