Situdiyon Alhaji Lawandi

A Malumfashi akwai wani mai gyaran rediyo ana ce masa Mamuda, shagonsa na nan bakin tasha. Ya fi shekara ashirin yana wannan sana'a, har ta kai in lasifikar masallacin unguwa ta fara tari shi ake kira, masu kiɗan biki ma in kayansu suka ƙi magana wurinsa suke kwasowa. Mutum ne marar yawan surutu. In ka kawo masa gyara sai ya kara kunne, can ya ce maka ga abin da ya lalace, in aka buɗe kuwa a tarar haka ɗin ne. Ba shi da gona, ba shi da mota, amma duk garin an san hannunsa ba ya taɓa kayan mutane.

Ran nan da hantsi yana zaune yana liƙa wata waya, sai ga mota ta tsaya a ƙofar shagon. Alhaji Lawandi ne, dillalin takin zamani, wanda damina uku a jere ta yi wa kyau har tumbi ya fara rigan shi shiga ɗaki. Shi dai Alhaji yana da wata ɗabi'a, in yana jiran masu saye yakan riƙa ɗan rera waƙa ƙasa-ƙasa. 'Yan majalisarsa kuwa, waɗanda kullum shayinsa suke sha, suka dinga ce masa wallahi ana asarar murya a cikin buhunan taki. Tun yana dariya har ya yarda. Bai shawarci kowa ba ya tafi Kano, ya dawo da akori-kura cike da kwalaye.

"Injiniya, rufe shagon nan ka biyo ni," in ji Alhaji, ko fitowa daga motar bai yi ba. "Situdiyo zan buɗe a gida."

"To madalla, Alhaji. Haya za ka riƙa bayarwa?"

"Haya kuma? Ni zan yi abina. Asabar mai zuwa ake bikin 'yar ƙanwata, kuma na riga na gaya wa dangi kar a ɗauko kowa, ni zan yi waƙar."

Mamuda ya dube shi, ya dubi jakar kayan aikinsa, ya ɗauka ya bi shi.

Ɗakin da aka ware tsohon sito ne, har yanzu warin taki na hawa kai. Bayansa turken akuya ne, tagarsa kuma tana kallon injin markaɗe. A tsakiyar ɗakin an jibge kaya: kwamfuta, makirfo biyu, manyan sifiku, piyano, da akwatin haɗa sauti mai maɓallai kamar ƙwayar masara, wanda ake ce wa miksa. Sifika ɗaya ta riga ta yi baƙi tana ƙauri, domin kafin a kira Mamuda, Alhaji ya gwada basirarsa ya cusa wayarta a soket ɗin bango.

Kwana biyu Mamuda ya yi yana fama. Ya toshe taga, ya liƙa soso a bango, inda soson bai kai ba ya cike da kiret ɗin ƙwai. Ya shimfiɗa darduma, ya ja wayoyi ya ɗaure su tsaf. Alhaji kuwa yana tsaye a kansa, hannu a baya, yana ba da umarni. Ya ce a juya makirfo ta kalli ƙofa don baƙo ya fara ganinta. Mamuda ya ce makirfo baki take kallo, ba ƙofa ba. Ya ce a kafa masa babban madubi don ya riƙa ganin kansa yana aiki. Mamuda ya ce madubi zai dawo da sauti. Alhaji ya ce ai haka ake so, abu mai daɗi ya tafi ya dawo. Aka kafa madubi.

Ranar Laraba aka zo gwaji. Alhaji ya shigo cikin babbar riga, ya sha turare, tare da Ɗan'azumi, shugaban masu zuga shi. Mamuda ya sa abin ji a kunne, ya ɗaga hannu alamar a fara.

Alhaji ya lumshe ido ya buɗe baki.

Abin da ya shigo kunnen Mamuda bai taɓa jin irinsa ba a shekara ashirin. Kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti, can kuma ta koma kamar rago ya gane hanyar kasuwa ce aka nufa da shi. Tsakani da Allah Mamuda ya ɗauka waya ce ta kwance. Ya duƙa ya taɓa wannan, ya murɗa wancan. Da abin ya ƙi, sai ya zare abin jin daga kunnensa don ya huta, ya ji ashe a cikin ɗakin ma haka take fita, har ta fi.

"Allahu akbar!" in ji Ɗan'azumi da aka gama. "Alhaji, dubi hannuna, tsigar jikina ta tashi!"

Ta Mamuda ma ta tashi.

"Sako mana mu ji," in ji Alhaji, yana gyara hula a madubi.

Mamuda ya danna. Sifika ta saki abin da aka ba ta, ba ragi ba ƙari. Murmushin Alhaji ya fara yin baya-baya har ya ɓace. Bai taɓa jin muryarsa daga waje ba sai ranar.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Alhaji."

"Ni? Haba Mamuda, ka ji tsoron Allah. Akuyar nan ce ta shiga ciki."

Aka kwance akuya aka kai gidan maƙwabta. Aka sake ɗauka. Alhaji ya ce ƙarar janareto ce. Aka kai janareto can bayan gida, aka jawo doguwar waya ta ratsa tsakar gida. Aka sake. Ya ce makirfo ce mai mura. Aka sa ta biyun. Sai Ɗan'azumi ya ce ai ya ji labari akwai wani abu a cikin kwamfuta da ke miƙe murya, shi yaran Kano ke amfani da shi. Mamuda ya ce akwai. Ya buɗe shi, ya murɗa har ƙarshe, inda bai taɓa ganin an kai ba. Da aka saurara, rago dai na nan, sai dai yanzu kamar ya faɗa rijiya.

Alhaji ya hau huci. Can ya nuna Mamuda da yatsa.

"Na gane. Kwana biyu kai kaɗai ke taɓa kayana. Ka buɗe makirfon nan ka zare na cikinta, ka sa mini jabu."

"Alhaji, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Fita ka ba ni wuri!"

Mamuda ya fita, ko jakarsa bai tsaya ɗauka ba. Ya zaci zafin rai ne, zuwa gobe zai huce. Ina! Kafin azahar ta Alhamis Ɗan'azumi ya gama zagaye gari da labarin. Wani direba ya zo ya karɓe rediyonsa a buɗe, ya ce ya fasa gyaran. Wata mata ta tsaya nesa da shagon tana nuna shi da baki. Abin da ya fi ƙona masa rai, sai ya ji wai kwamitin masallaci na shawarar a nemo wani mai gyara daga Funtuwa. Mamuda ya zauna a kan benci, ya kasa ko zura waya a rami. Wai shi, da furfurarsa, a ce masa ɓarawon cikin makirfo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tafi wurin mai unguwa Barau da ƙafarsa, ya zayyana masa komai.

"Ranka ya daɗe, ba na neman komai a wurinsa. A je a gwada kayan nan a gaban mutane. In nawa laifin ne, in rufe shago in bar garin."

Mai unguwa ya ɗauki sandarsa ya ce su tafi.

Suka tarar gidan ya cika da mata, ana daka ana suya, gobe biki. Alhaji ya karɓe su yana cika yana batsewa, Ɗan'azumi na biye. Aka shiga situdiyo aka rufe ƙofa. Mai unguwa ya ƙare wa kiret ɗin ƙwai kallo, ya ga kansa a madubi, ya zauna.

"Abin mai sauƙi ne," in ji shi. "A samu wani ya yi waƙa a makirfon nan mu ji. Ɗan'azumi, bismilla."

Ɗan'azumi ya dafe maƙogwaro ya ce tun jiya yake fama da tari.

Ana cikin haka aka banko ƙofa. Goggo Kubura ce, yayar mahaifin Alhaji, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, hannunta duk gari.

"Kai Lawandi, wace irin igiya ce ka shimfiɗa mana a tsakar gida? Saura kaɗan in kife da ƙwaryar ƙullu!"

"Goggo, aiki muke yi. Ki je, zan zo."

"A'a, bar ta," in ji mai unguwa. "Goggo, Allah ne ya kawo ki. Zo ki ɗan yi mana waƙa a bakin ƙarfen nan."

"Ni da ko haƙori ban da shi? Ku dai ba ku rabo da shiririta."

Da ƙyar aka lallashe ta. Mamuda ya sauko mata da makirfo daidai tsayinta, ya ce ta yi kamar tana tsakar gida. Ta goge hannu a zane, ta yi gyaran murya, ta ɗauko wata tsohuwar waƙar rakiyar amarya da suke yi tun suna 'yan mata. Baiti biyu kawai ta yi ta ce ta gaji.

Mamuda ya danna, ya ɗan ƙara sauti. Murya ta fito siririya, garau, har ana jin inda take jan numfashi. A tsakar gida aka ji taɓare sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sai wata ta rangaɗa guɗa. Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "La ilaha illallahu, ni ce wannan?"

Mai unguwa ya juya ya kalli Alhaji.

"Ai da ya ji za ku zo ne ya maido na asalin," in ji Alhaji.

"Yaushe? Tun Laraba makullin ɗakin nan yana aljihunka," in ji mai unguwa. "Amma ba komai. Tunda ya maido, ga fili. Tashi ka yi taka."

Ba yadda Alhaji zai yi. Ya gyara babbar riga, ya ɗaga makirfo, ya lumshe ido, ya saki. Matan da suka taru a bakin ƙofa suka fara ja da baya. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana nazarin sandarsa kamar yau ya fara ganinta. Da aka gama, Mamuda bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, ya sako ta yadda take. Ba a kai rabi ba mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, kafaɗunsa na girgiza, wai tari ne ya sarƙe shi.

Goggo ta matso ta dafa goshin Alhaji. "Lawandi, ko cikin ne ya motsa? In jiƙo maka kanwa?"

Aka nemi Ɗan'azumi aka rasa.

"To, magana ta ƙare," in ji mai unguwa bayan ya share ido. "Mamuda bai ɗauki komai ba, kuma ni da kaina zan faɗa a masallaci da la'asar. Alhaji, ka ɓata wa bawan Allah suna a banza. Ba shi haƙuri."

Alhaji ya kumbura fuska. Ga mata sun cika ƙofa, ga mai unguwa, ga Goggo. Maimakon haƙuri sai ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Na ji, bai yi sata ba. Amma dai mai gyaran rediyon bakin tasha ne, iyakar saninsa ke nan. Ni na shiga situdiyon Kano da idona, na ji abin da ke fitowa. Akwai abin da suke da shi da babu a nan, shi ne ya kasa ganewa. Kai Mamuda, in ka cika injiniya, faɗi a gaban mai unguwa, mene ne ɗakin nan ya rasa? Ko mene ne, yanzun nan in ta da mota a kawo shi daga Kano."

Mamuda ya gama tattara kayan aikinsa a jaka, ya zuge ta, ya rataya a kafaɗa. Sai da ya kai bakin ƙofa sannan ya waiwayo.

"Mawaƙi, Alhaji."