Hotunan Bikin Idi Direba

Ko tsufa ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da bikin abokina Idi direba. Ni aikina fitar wa 'yan kasuwa da kaya ne a duwan, wato kwastan, ta Gaya, amma tun da na sayi wani tsohon aparai na ɗaukar hoto a kasuwar Malanville na fara jin kaina. Na ɗauki gada, na ɗauki masunta, na ɗauki awakin maƙwabta har suka gane ni. Mutanen unguwa suka laƙaba mini "Fotograf", ni kuwa ban taɓa hana su ba.

Biki ya matso, sai kamiyon Idi, babbar motar kayan da yake tuƙawa, ya lalace a hanyar Parakou. Dangi suka ce ba za a ɗaga ba, a ɗaura aure a kawo amarya daga Tanda, ango ya dawo ya tarar da ita. Ya kira ni murya a sanyaye: "Kai na idona. Kada a kira mai istidiyo, kai nika so. Duk abin da anka yi ka aiko min." Na ce ya kwantar da hankalinsa (nawa kuwa tuni ya tashi, don ban taɓa ɗaukar biki ba, ko na 'yar tsana).

Ranar muka kama hanyar Tanda a mota. Ina duba batir, ina goge gilashi da bakin riga, ina tsoron rana ta ƙone fuskoki, ina tsoron hannuna ya yi rawa. Komai na ji tsoronsa ban da abu guda: ban taɓa ganin amaryar ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. A ganina ƙwararre ba ya tambaya.

Bayan la'asar aka fito da wata a lulluɓe, ana guɗa, ƙawaye sun kewaye ta. Na durƙusa, na miƙe, na hau turmi. Wata tsohuwa ta gifta da wata yarinya cikin hijabi marar ado, na daka musu tsawa su kauce suna ɓata mini hoto. Kafin a shiga mota na roƙi a ɗan ɗaga mayafin. Ƙawaye suka kwashe da dariya, suka ɗaga. Ni na ɗauka murna ce.

A hanya na juye hotunan a waya, rezo, wato sabis ɗin waya, na kamawa na tura wa Idi, har da rubuta masa "Ga taka."

Nan take ya kira. "Wagga ba Rabi ba ta," in ji shi. "Hadiza ta, ƙanwarta. Musanya min anka yi?" Kafin in haɗa magana ya kashe, ya kira uwarsa, ita kuma ta kira surukai. Kafin mu shigo Gaya kawun amarya yana ta faɗa, wai a nuna masa wanda ya ce su masu musanyar ɗiya ne, in ba haka ba a mayar musu da abarsu. Ni kuwa ina ganin auren mutum zai mutu a hannuna.

Hajiya, uwar Idi, ta tare ni a ƙofar gida gaban jama'a. "Ɗana, kai ba ɗan ƙasar ga ba na? Amaryar boko ka bi. Ta gaske tun ɗazu tana ɗaki, gwaggonta ta kawo ta bisa kabu-kabu." Na san al'adar sarai: a yi wa wata ado a sa ta gaba, idon jama'a ya tsaya kanta, ta gaske ta sulale. Ashe Rabi ce yarinyar da na kora. Na laluba aparai kaf, abin da na samu na Rabi gefen hijabinta ne kawai. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

An sasanta, Idi ya yafe. Rabi kuwa har yau in na je gaisuwa sai ta ce, "Sannu da zuwa, mai hoton Hadiza." Ban daina ɗauka ba, amma yanzu ko suna aka gayyace ni, kafin in cire murfin aparai sai na tambayi mai jego wane ne jaririn.