Totuwar Masara a Tiyon Esi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da mutanen Maradun suka zo sa ranar auren ƙanwata Rabi, ko da kuwa na so in manta, don har gobe dangi ba su bari ba.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Talata Mafara (ku riƙe wannan, kimiyya fa na ce), kuma ban daɗe da sayen esi, na'urar sanyaya ɗaki, na hannu na kafa a falona ba. Wallahi yadda nake ji da esin nan ko babur ɗina ba na ji da shi haka. Baƙo in ya shigo, kafin ya gama sallama na ɗauko rimot.

Rabi a hannuna take tun tana makaranta, amma mai ba da aurenta Baffanmu ne na Bakura, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Shi a zaurensa ya so a karɓi baƙin. Zaure ne na ƙasa, mai kauri, da tabarmi da randa a lungu. Ni kuwa na kafe a kan sai falona. Na ce bazara ce, mutanen nan manya ne, kada a je a dafa su da zafi.

Baffa ya dube ni ya ce, "Zauren da anka raɗa maka suna ciki, shi ne yau bai yi maka ba?"

Na yi ta lallashi har ya ce to, Allah shi kai mu.

Saura kwana huɗu sai esi ya fara hura iska mai ɗumi. Hankalina ya tashi, na kira Iliyasu mai gyara. Tare muka yi firamare da shi a Bakura, kuma kullum ina gabansa a lissafi, abin da ban taɓa bari ya manta ba. Ya zo ya duba ciki da waje, ya ce gas ya ƙare, kuma sai an wanke. Da ya faɗi kuɗin sai da na dafa bango, don ya kusa kuɗin buhun gero.

"Iliyasu, iska ce fa za ka zuba! Iska!"

"Malam, iskar ma saye nikai. Je ka Gusau ka tambaya."

Mun fi rabin awa muna ja. Ya rage ɗan abin da ya rage, na biya ina huci, ya yi aikinsa ya tafi. Falo kuwa ya ɗauki sanyi har matata Hadiza ta ce sai ta ɗauko mayafi.

Washegari na zagaya bayan ɗaki, sai na ga wani siririn tiyo da ya fito daga bango yana ɗigar da ruwa, ɗis, ɗis, har ƙasa ta jiƙe. Na taɓa ruwan na ji sanyi ƙalau. Nan take malamin kimiyya ya gama bincikensa. Na ce ai shi ke nan, Iliyasu ya bar min yoyo da gangan don sanyin da na saya da kuɗina ya tsiyaye in sake kiransa.

Hadiza ta ce, "Malam, tun da can ma yana ɗiga. Da shi nake ba zogalena ruwa."

Na ce mata ta tsaya ga zogalenta, wannan harkar masu ilimi ce. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta shige. Kiran Iliyasu kuwa na san sai na biya kuɗin zuwa, don haka na samo totuwar masara, na fere ta da wuƙa, na cusa a bakin tiyon, na naɗe da robar tayar keke tam. Ɗigo ya tsaya cak. Na kashe esin don ya huta kafin babbar rana, ina jin kaina kamar injiniya.

Ranar Asabar tun hantsi na tada janareto na kunna esi. Bayan azahar baƙi suka iso, su biyar, da goro da alewa. Jagoransu Alhaji Bawa, baffan ango, dattijo mai furfura, ya sha farar shadda da ta ji sitaci har tana ƙara. Ni da kaina na kama hannunsa na kai shi kujerar da ta fi kowace, wadda ke daidai ƙarƙashin esi.

Aka yi ta gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya zafi, ya mutanen Maradun. Aka shiga maganar rana, su suna son bayan ƙaramar salla, Baffa yana cewa a bari a yi girbi. Ana cikin haka na ga ɗigo ɗaya ya sauka a hular Alhaji Bawa. Na ce idona ne. Sai na biyu, sai na uku. Bawan Allah nan bai ko ɗaga kai ba, ya ɗan gyara zama kawai, saboda ba ya son kunyata masu gida. Ni kuma na kau da kai, ina fatan abin ya tsaya da kansa.

Aka daidaita a kan wata huɗu. Baffa ya ce Alhaji ya yi mana addu'a. Kowa ya ɗaga hannu. Daidai nan esi ya saki abin da ya tara tun safe, shaa, kamar an tuntsurar da buta. Ruwa ya bi hula, ya bi gemu, ya cika tafin hannunsa. Dattijon nan bai katse ba wallahi. Ya ci gaba har ƙarshe, muna ta amin, amin, kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗun samari biyu a gefe suna rawa. Esi ya yi wata ƙara, ya mutu.

Da na yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Miƙewa na yi ina kumfar baki, na ce macucin mai gyara ne, ya karɓe min kuɗin buhun gero ya lalata min kaya. Na kira sunansa, na kira na ubansa, na buga masa waya a gaban kowa na ce ya zo yanzu-yanzu.

Ya zo a kan babur. Ya durƙusa ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ya saurari zagina, ya dubi bango, ya fita. Ko minti biyu bai yi ba ya dawo riƙe da abu a hannu, yana warware roba.

"Malam, wa ya toshe wanga tiyo?"

Daga bayan labule na ji dariyar Hadiza ta kuɓuce. Na nemi yaron da zan ɗora wa, sai na tuna ɗiyarmu ko rarrafe ba ta fara ba.

Baffa ya ce a hankali, "Kai ne?"

Na ce ni ne. Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Iliyasu ya yi bayani, ba tare da ko murmushi ba, cewa ruwan nan laimar ɗaki ce esi ke tsotsewa ya fitar, kuma ɗigarsa ita ce shaidar aiki ya yi kyau. Mutumin da nake kayarwa a lissafi ya koya min darasin aji biyu a gaban surukai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji Bawa ne ya cece ni. Ya cire hula ya matse, ya ce, "Mu can Maradun sati biyu muna roƙon ruwa. Ashe nan ya kamata mu taho." Falo ya kece da dariya, har da Baffa. Rana ta zauna yadda aka sa ta.

Amma Baffa bai ƙyale ni ba. Ya ce, "Gaban mutanen ga ka zage shi, gabansu za ka ba shi haƙuri." Na kama hannun Iliyasu na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai, sannan ya gaya min ruwa ya shiga ya ƙona ƙwaƙwalwar esin, kuɗin gyara ya ninka na farko sau uku. Na sa hannu a aljihu na biya.

Yau Rabi 'ya'yanta huɗu, kuma dukkansu Kawu Totuwa suke kirana. Alhaji Bawa ya rasu, Baffa ma ya bi shi bara waccan, Allah ya jiƙansu. Da muka je kwashe kayansa, a cikin alkukin zaure, ɗan ramin nan na jikin bango, kusa da tasbaharsa, na tarar da totuwar nan da robarta. Ashe aljihu ya sa ta ranar ya tafi da ita. Na zauna a tabarmarsa ina dariya, hawaye na zuba, ga zauren da sanyinsa ba janareto ba rimot.

Tun daga ranar, in Iliyasu ya faɗi kuɗin gyara, hannu nake sawa a aljihu in rufe bakina. In ɗiyata ta isa aure kuwa, a zauren Bakura za a sa mata rana.