Ranar da Na Zama Guguwa

Ko na tsufa haƙora suka zube, ba zan taɓa mantawa da ranar iyaye ta makarantarmu a unguwar Nima ba. A makon nan Baba ya ja min kunne: "In aka sake kawo min ƙararka, ka gama boko. Kasuwar Agbogbloshie za ka bi ni dakon albasa."

Ticha Mensa ya shirya mana wasan guguwar teku. Ya ce guguwa ba ta zaɓar hanya, iskar da ke kewaye da ita ke tura ta. Ƙarama gajeriya ce, iskar ƙasa kawai take bi. Babba kuwa doguwa ce, har iskar sama na da ta cewa.

Fuseni ɗan ajinmu ya fito a ƙaramar guguwa, yara suka durƙusa suna tura gwiwoyinsa, ya wuce lafiya. Ni ne babba (wa ya isa ya ƙwace min?). Na hau wuyan abokina Alasan, aka lulluɓe mu da zanin gado. Wasu na tura ƙafafunsa, wasu na tura bayana da dogayen tsintsiyoyi.

Da na hango 'yan matan unguwar Maamobi na kallo, sai kaina ya kumbura.

Na ce wa Alasan: "Cale, mutumina, juya da ƙarfi!"

"Kai, jiri nake ji!"

"Guguwa ba ta jiri! Juya!"

Ya juya kuwa. Masu tura suka rikice, na ƙasa suka yi hagu, na sama suka yi dama. Alasan ya bi na ƙasa, ni na bi na sama. Na tashi kamar jirgi, na sauka cikin bahon zoɓon da aka haɗa wa baƙi. Wa ke zaune kusa da bahon, cikin farar babbar riga? Baba.

Wallahi har warin albasa na fara ji.

Sai Ticha Mensa (Allah Ya saka masa) ya ɗaga murya: "Iyaye, kun gani? In iskar sama da ta ƙasa suka saɓa, kan guguwa rabuwa yake da jikinta, ta mutu!"

Tafi ya ɓarke. Baba ya dubi rigarsa da zoɓo ya rina, ya dubi na kusa da shi.

"Yarona ne. Shi ne kan."

Tun daga ranar, in aka ɗora ni a wuya, nakan fara tambayar inda ƙafafun suka dosa.