Hantsar Gajera Ta Kumbura

"Lafiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Tana tsugune a gindin Gajera, saniyar da ta fi ji da ita a garken, bokiti tsakanin gwiwoyinta. Jikanta, malamin dabbobi, ya ajiye jakarsa a bakin turke. Tun daga ƙofa ya ga saniyar tana shuri duk lokacin da aka taɓa ta.

"Tsohuwar matata, me ya samu hantsar nan? Ɓangare guda ya kumbura."

"Ƙiba ce. Kai da ba ka taɓa yi ba, ina za ka gane ta?"

Ya kai hannu ya taɓa. "Zafi rau! Ciwon nono ne. Da wane tsumma kike goge su?"

"Da wanda nake goge su tun uwarka na rarrafe."

"Tsumma ɗaya, shanu duka? Ai ke ce kike raba musu ciwon gida-gida. Kowace da nata tsumman, ki wanke hannu da sabulu, Gajera kuma a ƙarshe za a tatse ta. Wannan kashin da suke kwana a kai, a kwashe."

"Ji min miji! Bai kawo cefane ba, ya kawo doka."

"Allura zan yi mata. Madararta kuma zubarwa za a yi, har maganin ya fita daga jikinta."

Nan Kaka ta miƙe, ta riƙe ƙugu. "Zubarwa? Gobe kuma ka ce a kira mahauci, ko? To ka ji da kyau. Saniyar nan a hannuna aka haife ta, ba mai fitar da ita daga gidan nan ina numfashi!"

"Wa ya ce mahauci? Ko ke da haƙoranki suka ƙare ban sayar ba, sai ita? In muka yi sakaci dai kan nonon zai mutu, sauran shanun su kamu. Kuma 'ya'yan mutane ke shan madarar nan."

"Madarata ba ta taɓa kwantar da ɗan kowa ba. Kawo kofi, a gabanka zan shanye!"

Bai yi musu ba. Ya ɗauko kofi, ya tatso daga ɓangaren da ya kumbura, ya miƙa mata hannu biyu. Abin ya fito tsararo, rawaya-rawaya, ga gudaji na yawo a ciki.

Kaka ta leƙa. Ta karkata kofin wajen haske, ta sake leƙawa. Ta kai shi hanci.

"Bismillah, amarya," in ji shi.

"Azumi nake."

"Azumi? Ga maiƙo a leɓenki!"

"Yanzu na ɗauka."

Dariya ta ƙwace mata, har ta dafa turke. Ta watsar da madarar can nesa da garke, ta dawo ta shafa wuyan Gajera.

"To, mugu, fito da allurar taka. Amma ni zan riƙe mata kai. Kuma in ka sa ta kuka, sai na sake ka na auri mai shago."