Tagulla a Sanƙona

A waya na ga tallan wani shuɗin mai, wai sinadarin tagulla ne a ciki, yana tsirar da gashi. Na yi dariya. Ni mai gyaran janareta a Batsari za a sayar wa tagulla? Na jiƙa tsohon koyil na wayar tagulla a ruwan tsamiya, na lafta wa sanƙona, na danna hula, na hau babur sai Safana, gaida surukai.

Ina durƙushe gaban surukina gumi ya karyo, kore shar, har kan farar rigata.

Ya ƙura mini ido ya ce, "Malam, ashe ku har damina ta sauka?"

Gashi dai ko sili bai fito ba. Amma har yau ƙannen matata na tambayata ko na zuba taki.